Da wane ma'auni ake zaɓen 'yan wasan jimnastik masu zuwa Olamfik, kuma yaya ake shirya su?

Mai Son Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san wasan jimnastik, wato wasan lanƙwasa jiki da alkafura da ake yi a kan sanduna da zobba da siririn katako. Tun gasar Olamfik ta Paris a 2024 wani abu yake ɗaure mini kai. A zagayen ƙarshe na tawagogin maza, Amurka ta zo da mutum biyar, amma ɗaya daga cikinsu, Stephen Nedoroscik, bai taɓa komai ba har aka kusa tashi. Ya zauna a gefe yana jira, sai a juyin ƙarshe ya hau dokin nan mai mariƙai biyu ya yi wasan da bai kai minti ɗaya ba, kuma da wannan kaɗai aka rataya masa lambar tagulla tare da sauran. An ce akwai 'yan ƙasarsa da suke yin dukkan fannoni shida, kuma suna yin su da kyau, amma aka bar su a gida aka tafi da mai fanni ɗaya. To idan ba mutum biyar da suka fi tara maki ake ɗauka ba, da wane ma'auni ake zaɓe, kuma wane ne yake da ta cewa?

Tambaya ta biyu ita ce ta shiri. Shekara nawa ake ɗauka kafin yaro ya kai wannan matsayi, kuma me ake yi a watannin ƙarshe kafin babbar gasa? Abin da ya sa na yi tambayar shi ne yadda na lura cewa duk lokacin da gasa ta matso sai a riƙa jin labarin raunuka, kamar dai shirin da kansa ne yake karya waɗanda ake shiryawa.

Alƙalamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙofa biyu ce ɗan wasa yake bi, kuma mutane sukan haɗa su wuri guda. Ta farko tana hannun hukumar jimnastik ta duniya, FIG, wadda aka kafa a 1881 kuma take da mazauni a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan. Ita ce take tsara yadda ƙasashe za su sami gurbi. A gasar Paris tawaga 12 ta maza da 12 ta mata aka ba dama: uku na farko sun samu nasu a gasar duniya ta Liverpool a 2022, sauran tara kuma a ta Antwerp a 2023. Abin lura shi ne gurbin tawaga na ƙasa ne, ba na mutanen da suka samo shi ba, saboda haka wanda ya yi gumi a Antwerp yana iya kallon Paris daga gida. Ƙofa ta biyu tana hannun hukumar kowace ƙasa, wadda take cike gurbin da sunayen da ta ga dama bisa ƙa'idojin da ta gindaya wa kanta.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin yadda ake ƙirga maki a zagayen ƙarshe. Tawaga tana da mutum biyar, amma a kowane fanni uku ne kawai suke fitowa, kuma makin duka ukun yana shiga lissafi, babu wanda ake zubarwa. Maza suna da fanni shida: wasan ƙasa a kan dandamali, doki mai mariƙai, zobba, tsallake teburi, tagwayen sanduna da sandar sama. Ke nan wasa 18 za a raba wa mutum biyar. Mata suna da fanni huɗu: tsallake teburi, sanduna biyu masu bambancin tsayi, siririn katako da wasan ƙasa, wato wasa 12. Mai zaɓe ba ya tambayar wane ne na huɗu ko na biyar a jerin gwanaye. Tambayarsa ita ce wane mutum ne zai ƙara wa jimillar tawaga wani abu da ba ta da shi. Idan kana da mutum uku ko huɗu da suka rufe maka zobba da sanduna da wasan ƙasa, na biyar da ya iya waɗannan fannoni daidai gwargwado ba zai ƙara maka komai ba, domin ba za ka fito da shi a ko ɗaya ba. Amma idan doki ne inda kake yoyo, ga kuma mutumin da ya taɓa zama zakaran duniya a kansa a 2021, to makin da zai ɗara na ukunka da shi riba ce tsantsa. Wannan ne ya kai Nedoroscik Paris. Hukumar Amurka ta zuba makin da maza suka samu a gasar ƙasa da kuma gasar tantancewa a kwamfuta, ta nemi haɗin mutum biyar da ya fi ba da jimilla mai yawa, sai sunansa ya fito. Tagullar da suka ci ita ce lambar tawaga ta farko da mazan Amurka suka samu tun 2008. Ba kuma sabon abu ba ne, domin a 2012 an tafi da McKayla Maroney Landan saboda tsallake teburi, a 2016 kuma aka tafi da Madison Kocian Rio saboda sanduna.

Wannan lissafi yana da haɗarinsa. Gwanin fanni ɗaya yana cin kujera guda, sauran huɗun kuma su ɗauki nauyin wasa 17 a tsakaninsu, idan ɗaya ya ji ciwo a tsakiyar gasa babu mai rufe ɓarakar. Shi ya sa yawan kujeru yake sauya irin mutanen da ake ɗauka. A Atlanta a 1996 mutum bakwai ne a tawaga, daga 2000 zuwa 2008 aka koma shida, a 2012 da 2016 biyar, a Tokyo huɗu, sannan aka dawo biyar a Paris. Lokacin da suke huɗu kusan babu ƙasar da ta iya ɗaukar gwanin fanni ɗaya a cikin tawaga, dole kowa ya zama mai iya komai.

Sai kuma batun maki kansa, wanda yake shafar zaɓe kai tsaye. Tun 2006 aka daina tsohon tsarin da 10 ce ƙololuwa. Yanzu alƙalai kashi biyu ne: wasu suna tara makin wahalar abin da ɗan wasa ya yi, wanda ba shi da iyaka, wasu kuma suna farawa daga 10 suna ragewa a kan kowane kuskure, sannan a haɗa biyun. Faɗuwa ɗaya tana cin maki guda cur. Mai zaɓe yana fuskantar mutum biyu: ɗaya yana da wasa mai wahala ƙwarai amma yakan faɗi lokaci lokaci, ɗaya kuma wasansa bai kai haka ba amma ba ya kuskure. A zagayen share fage, inda huɗu suke fitowa a zubar da makin da ya fi ƙasa, ana iya yin kasada da na farko. A zagayen ƙarshe kuwa kowace faɗuwa tana bin tawaga har gida. Mazan ƙasar Sin sun shiga juyin ƙarshe a Paris suna gaban Japan da maki fiye da uku, sai Su Weide, wanda aka sako cikin tawaga a ƙurarren lokaci saboda wani ya ji rauni, ya faɗo sau biyu daga sandar sama, Japan ta ɗauke zinaren da ratar da ta ɗara rabin maki kaɗan.

Akwai wata doka da ya kamata a sani, domin takan sa a ga kamar an yi zalunci: ƙasa ɗaya ba ta shigar da fiye da mutum biyu zagayen ƙarshe na ɗaiɗaiku. A Landan a 2012 Jordyn Wieber ta Amurka, wadda take riƙe da kambun duniya na 2011, ta zo ta huɗu a share fage cikin duk matan da suka shiga, amma da yake biyu daga cikin waɗanda suka wuce ta 'yan ƙasarta ne, ba ta shiga cikin 24 da suka fafata ba.

Mai Horar da Yara ta amsa:

Malam Alƙalami ya gama da lissafi, bari in ɗauki batun shiri. Galibin waɗanda suka kai wannan matsayi sun fara ne suna da shekara huɗu zuwa bakwai, kuma kafin a ji sunansu a duniya sun shafe shekara goma ko fiye a ɗakin horo. Abin da koci yake dubawa a jikin ƙaramin yaro ba alkafura ba ce. Yana duba ƙarfin jiki idan an gwada shi da nauyinsa, da laushin kafaɗa da ƙugu, da saurin ɗaukar gyara, da kuma yadda yaron yake ji idan an juya shi kai ƙasa ƙafa sama. Shekarun farko kusan duk na gina jiki ne: hawan igiya, tsayuwa a kan hannu, miƙe jijiyoyi, da maimaita ƙananan motsi har su zauna a jiki. Wanda tsayuwarsa a kan hannu ta karkace yana ɗan shekara takwas zai ci gaba da biyan bashinta a gaban alƙalai yana ɗan ashirin.

Sabon motsi mai haɗari ba a fara shi a kan kayan gasa. Ana fara shi a rami mai cike da gutsattsarin soso, wani lokaci da ɗamara a ƙugu wadda koci yake riƙe da igiyarta, sannan a ɗora katifa mai laushi a kan ramin, sannan mai tauri, sai daga baya a kai shi inda za a yi shi a gasa. Haka siririn katakon mata, wanda faɗinsa santimita 10 ne, tsawonsa mita 5, tsayinsa daga ƙasa kuma santimita 125: yarinya tana fara motsin a kan layin da aka zana a ƙasa, ta koma kan gajeren katako, kafin ta hau na sama. Motsi ɗaya yana iya cin shekara ɗaya ko biyu kafin koci ya yarda a saka shi cikin jerin wasan gasa, domin iya shi da rana ɗaya daban, iya shi a ƙarshen wasa lokacin da hannu ya gaji daban. Manyan 'yan wasa sukan yi awa talatin ko fiye a mako, sau da yawa zama biyu a rana, ga likitan gashin ƙashi da mai kula da abinci.

Shirin yana tafiya ne da zagayen shekara huɗu, saboda FIG tana sabunta kundin maki bayan kowace Olamfik. Motsin da yake da tsada a wannan zagaye yana iya faɗuwa a na gaba, sai koci ya sake gina wasan gaba ɗaya. Shekarar farko da ta biyu na koyon sabbin abubuwa ne, ta uku ta neman gurbi ce, ta huɗu kuma ba a cika ƙara komai ba sai gyara. A cikin shekara ɗaya ma haka ne: watannin da ba gasa ana gina ƙarfi da gutsuren wasa, idan gasa ta matso a koma yin cikakken wasa daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa a rana, a kira alƙalai su ba da maki, a sa ɗan wasa ya zauna jikinsa ya huce sannan a kira shi farat ɗaya, domin haka abin yake a ranar gasa, inda ɗumin jiki na ƙarshe a kan kayan wasa bai wuce daƙiƙa 30 ba a yawancin fannoni. Kwanaki kaɗan kafin gasa ana rage yawan aiki don jiki ya farfaɗo, tawaga ta isa ƙasar da wuri saboda bambancin lokaci, sannan a ba ta zama guda a ainihin zauren don ta saba da haske da tsallen dandamali da santsin sanduna, domin kayan kowane kamfani da yadda suke amsa jiki.

Game da raunukan da mai tambaya ya lura da su, dalilinsu a bayyane yake. A makonnin tantancewa ne ɗan wasa yake barin katifa mai laushi ya koma dira a kan mai tauri, a daidai lokacin da yake yin wasa mafi wahala, sau mafi yawa, cikin fargaba mafi tsanani. A gasar tantancewa ta Amurka a Minneapolis a watan Yunin 2024, Skye Blakely da Kayla DiCello sun tsinke jijiyar agara, Shilese Jones kuma ta ji ciwo a gwiwa, dukkansu cikin 'yan kwanaki, kuma dukkansu ana sa ran za su shiga tawaga ko su yi kusa. Wannan ne ya buɗe wa Hezly Rivera hanya, wadda ta cika shekara 16 a wannan watan. Matsalar koci a nan ita ce dole ɗan wasansa ya kai ƙololuwa sau biyu cikin wata guda, sau ɗaya don a zaɓe shi, sau ɗaya don abin da aka zaɓe shi dominsa, jiki kuwa ba ya son haka.

Wani abu da ya sauya shi ne shekaru. Nadia Comăneci ta Romaniya tana da shekara 14 lokacin da ta samu maki 10 a Montreal a 1976, kuma bayan nan aka daɗe ana ganin kamar wasan mata na ƙananan yara ne. An ɗaga mafi ƙarancin shekaru zuwa 15 a 1981, sannan zuwa 16 a 1997, na maza kuma 18 ne. Wasu ƙasashe sun yi ta kauce wa dokar ta hanyar sauya takardun haihuwa, har a 2010 aka ƙwace tagullar da matan Sin suka ci a Sydney a 2000 bayan an tabbatar Dong Fangxiao tana da shekara 14 a lokacin. A 2024 kuwa Simone Biles ta Amurka ta ci zinare uku a Paris tana da shekara 27, Rebeca Andrade ta Brazil ta ci na wasan ƙasa bayan an yi mata aikin jijiyar gwiwa sau uku, Oksana Chusovitina kuma ta je Olamfik sau takwas, na ƙarshe a Tokyo tana da shekara 46. Tsarin maki na yanzu yana saka wa ƙarfi, ƙarfi kuwa yana zuwa da girma, saboda haka koci mai hankali ya daina gaggawar matse yarinya kafin jikinta ya gama ginuwa.

Mai Son Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Abin da ya rage mini shi ne wannan: tunda har kwamfuta tana iya fitar da haɗin da ya fi maki, me ya sa ba a bar mata aikin gaba ɗaya ba? Na ga a ɓangaren mata na Amurka wadda ta zo ta ɗaya ce kaɗai ta samu kujera kai tsaye, sauran huɗun kwamiti ne ya zaɓe su a bayan ƙofa. Ina amfanin kwamiti idan lambobi suna nan kowa yana gani?

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a zaren nan, kuma ni ina ganin Malam Alƙalami ya sa abin ya yi kama da lissafi zalla, alhali tarihin zaɓe a wannan wasa tarihin iko ne. A Tarayyar Sobiyet ana tara yara a sansani guda kusa da Mosko, a Romaniya a garin Deva, kuma babban koci ne yake yanke wanda zai tafi. Amurka ta ɗauki irin wannan tsari bayan matanta sun dawo daga Sydney ba tare da abin da suka sa rai ba: daga 2001 zuwa 2016 Márta Károlyi ce take jagorantar tawagar mata, kuma kusan kowane wata ana kiran 'yan wasa sansanin da ke gonar iyalinta a jihar Texas, inda ake auna su ana rubutawa. Lambobin yabo sun zo da yawa, babu mai musun haka. Amma a tsarin da ba a rubuta ma'auni ba, wanda kuma mutum ɗaya ko biyu suke riƙe da makomar yarinya, yarinyar tana koyon abu guda: kada ta ce tana jin ciwo, kada ta ce tana jin yunwa, kada ta yi ƙorafi a kan kowa. A cikin wannan shiru ne likitan tawagar, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana lalata da 'yan wasa, har a watan Janairun 2018 wata kotu a Michigan ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175 bayan mata fiye da 150 sun yi bayani a gabanta. A wannan watan hukumar jimnastik ta Amurka ta yanke hulɗa da sansanin. A Birtaniya ma rahoton da lauya Anne Whyte ta fitar a watan Yunin 2022 ya nuna yadda aka riƙa auna nauyin yara ana kunyata su, ana sa su horo da rauni a jiki, suna tsoron yin magana don kada a cire su.

Tun kafin nan akwai Elena Mukhina ta Tarayyar Sobiyet, zakarar duniya ta 1978, wadda aka mayar da ita horo kafin karayar ƙafarta ta warke sosai saboda Olamfik ta Mosko ta matso. A watan Yulin 1980 ta faɗi a kan wuyanta tana gwada wata alkafura mai haɗari, ta shanye har ƙarshen rayuwarta a 2006. Saboda haka ni ina tare da mai tambaya: a wallafa ƙa'ida tun da wuri, a ce ga gasannin da za a ƙirga, ga yadda za a haɗa maki, a kuma ba wanda aka bari damar ɗaukaka ƙara. Japan ta daɗe tana bin hanya mai kama da haka, inda sakamakon gasar ƙasa da ta kofin NHK, wata babbar gasar cikin gida, yake ba da kujerun farko, sauran kuma a cike su da wanda ya fi ƙara wa jimillar tawaga. Ɗan wasan da ya san lamba ce za ta kai shi ba shi da dalilin rusuna wa kowa. Ina kuma ganin da a ce Biles ta tashi a ƙarƙashin tsohon tsari har zuwa Tokyo, da wuya ta iya janyewa daga zagayen ƙarshe lokacin da ta gane ta daina sanin inda jikinta yake idan tana juyi a sama.

Alƙalamin Lissafi ya sake amsawa:

Ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da Malam Mai Bin Diddigi ya kawo ba, amma maganin da ya bayar bai rufe ciwon duka ba. Tsattsaurar ƙa'ida ma tana tura mutum wasa da rauni, domin idan rana ɗaya ce take yanke hukunci, wanda gwiwarsa take ciwo zai ɗaure ta ya fito. Japan ɗin da aka kawo misali da ita ta ɗanɗana wannan: Mai Murakami, wadda ta ci azurfa a gasar duniya ta 2018, ba ta iya shiga kofin NHK na 2019 ba saboda ciwon baya, sai ƙa'ida ta hana a tafi da ita gasar duniya ta Stuttgart, alhali a nan ne ake neman gurbin Tokyo. Kwamfuta kuma abin da aka ba ta kawai ta sani. Ba ta san cewa makin wane ya hau ne saboda alƙalan gida sun yi masa sassauci ba, ba ta san wane yana dawowa daga jinya kuma nan da wata guda zai fi haka ba, ba ta kuma san wanda hannunsa yake rawa idan aka sa shi ya buɗe wa tawaga wasa a kan katako ba. Kwamiti yana da aiki, matuƙar an san sunayen mambobinsa, babu kocin wani ɗan takara a ciki, kuma za su rubuta dalilinsu. Ko da haka ba a rabuwa da jayayya. Birtaniya ta bar Becky Downie a gida a 2021, duk da azurfar da ta ci a kan sanduna a gasar duniya ta 2019, mutane suka yi ca a kan hukumar, sai tawagar da aka zaɓa ta ci tagulla a Tokyo, wadda ita ce lambar tawagar mata ta farko da ƙasar ta samu tun 1928. Har yau akwai masu cewa an yi daidai da masu cewa an yi mata rashin adalci, kuma sakamakon bai kashe gardamar ba.

Ya kamata kuma a tuna cewa duk wannan magana ta ƙasashe 12 ce. Sauran duniya ɗaiɗaiku take aikawa, kuma a nan gurbin yakan ɗauki sunan wanda ya samo shi, ta hanyar gasar duniya, ko jerin gasannin kofin duniya na fanni ɗaya irin waɗanda aka yi a Alƙahira da Cottbus da Baku da Doha a 2024, ko gasar nahiya. Wasu daga cikin irin waɗannan 'yan wasa sukan fi mayar da hankali a kan fanni ɗaya ko biyu. Da haka Rhys McClenaghan ya ci wa Ireland zinare a kan doki a Paris, Carlos Yulo na Filifin, wanda ya yi shekaru yana horo a Japan, ya ci biyu a wasan ƙasa da tsallake teburi. Kaylia Nemour kuwa a Faransa aka haife ta kuma a can take horo, amma bayan an yi mata aiki a gwiwoyi sai saɓani ya shiga tsakanin ɓangarenta da hukumar ƙasar a kan ranar komawarta wasa, ta koma wakiltar Aljeriya, ƙasar mahaifinta, ta ci zinare a kan sanduna a Paris tana da shekara 17, lambar Olamfik ta farko da wata ƙasar Afirka ta samu a jimnastik. Tawagar matan Faransa ba ta ma kai zagayen ƙarshe ba a wannan gasa.

Mai Horar da Yara ta ƙara da cewa:

Ƙarin bayani kaɗan ga mai tambaya: sanar da suna ba shi ne ƙarshen zaɓe ba. Ana tafiya da 'yan ko-ta-kwana waɗanda suke yin horo iri ɗaya da tawaga, kuma a sansanin ƙarshe ne kociyoyi suke yanke wanda zai fito a wane fanni da kuma wanda zai fara da wanda zai rufe. Rivera ta yi wasa a share fage a Paris amma ba a fito da ita a zagayen ƙarshe ba, duk da haka zinaren tawaga ya haɗa da ita. Ɗabi'a ma tana cire mutum: Japan ta mayar da kyaftin ɗin matanta, Shoko Miyata, gida kwanaki kaɗan kafin a buɗe gasar saboda ta karya dokar tawaga ta shan taba da barasa, suka fafata da mutum huɗu. Haka nan duk abin da zai shiga bakin ɗan wasa sai an duba shi, domin a Sydney an ƙwace zinaren Andreea Răducan ta Romaniya saboda maganin mura da likitan tawagarta ya ba ta, wanda yake ɗauke da sinadarin da aka haramta, kuma kotun wasanni ba ta mayar mata da shi ba duk da an amince ba da niyya ta sha ba.